Ramuwar Gidan Ubhur

A unguwar Nuzla, can ƙasa mai tsarki, aka haife ni. Kafin in lalace direban motar kaya ne ni, ba wanda ya taɓa kama ni da riyal ɗaya na wani.

Mahaifina magini ne. Da guminsa ya sayi wani ƙaramin gida a Ubhur, bakin teku, tun wurin ba kowa sai yashi da masunta. Da yake iƙama, wato takardar zaman baƙo, kawai gare shi, sai aka rubuta takardar gidan da sunan amininsa, Ammi Idris, wanda ke da takardar zama ɗan ƙasa. Bayan Baba ya rasu gari ya miƙe arewa, aka shimfiɗa tituna, kuɗin gidan ya ninka ya sake ninkawa. Ni da mahaifiyata muka je wurin Ammi Idris. Ya dube ta ya ce, "Ya Hajja, wane gida? Kawo takarda." Ya sayar da shi, ya koma unguwar Safa. Ita kuwa a ɗakin haya ta cika.

Ranar da muka binne ta na rantse sai na durƙusar da mutumin nan.

Na bar tuƙi na shiga dillancin gidaje a Ubhur, don in san hanyar da ya bi. Da fari ɗan ƙari nake yi a kan farashi, mai gida bai sani ba. Daga nan na fara karɓar kafin alƙalami a kan gidan da an riga an sayar. Kullum farashi sama yake yi, mutane kuma tsoro suke kada a bar su a baya, ba mai tsayawa bincike. "Yalla, yi sauri, gobe farashi ya tashi," shi ke nan abin da nake faɗa. Duk wanda na cuta, sai in ce wa zuciyata ai ni ma an cuce ni.

Da hannuna ya faɗa, na je Safa. Na sumbaci kan Ammi Idris, na ce, "Ya Ammi, halas, shi ke nan, abin da ya wuce ya wuce. Ga wani fili kusa da ruwa, mai shi a matse yake." Filin na wani ne da ba ya gari, takardun kuma na jabu ne. Kwaɗayi ya rufe masa ido. Ya sayar da gidansa ya kawo min kuɗin. Wallahi ranar na yi dariya har da hawaye.

Wata biyu aka yi, mai filin ya dawo. A unguwar Sharafiyya 'yan sanda suka kama ni.

A kotu na ga Ammi Idris ana turo shi a keke, ɓarin jikinsa ya shanye. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Sai wata tsohuwa ta miƙe, Hajja Amna, Bahaushiyar Sudan mai ɗinki. Ashe ita ma ta zuba duk abin da ta tara a cinikin, saboda Ammi Idris ya ce mata filin zai samar wa marayun ɗanta gida. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, shi ka san abin da ya yi maka. Ni me na yi maka?" Har aka fitar da ni ban iya ɗaga kai ba.

Na yi shekaru a kurkuku. Da na fito ba a bar ni na ziyarci kabarin iyayena ba. Aka soke iƙamata, aka sa ni a jirgi zuwa Kano, garin da ban taɓa takawa ba. A nan nake yanzu, ina dako a kasuwa, yara na dariyar Hausata.

Na tuba, ina kuma roƙon Allah gafara. Amma har yau idan na tuna Ammi Idris zuciyata kan tafasa, sai na yi alwala take kwanciya.

Ku samari, in an zalunce ku, ku kai ƙara. In ba a saurare ku ba, ku kai wa Allah. Kada ku koyi sana'ar azzalumi don ku rama. Ni na koya, na ƙware, na kuma kayar da shi. Hajja Amna ta rasu ina ɗaure, ban samu na roƙe ta yafiya ba.