Kawu da Kofin da Ƙasa Ta Cinye

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana sayar da kayan roba tun kafin a haife ni. Bokiti, baho, kujera, duk a jibge har rufin shago. A layinsu Ka-Mutu-Ka-Bari ake kiransa, don in zai sayar da bokiti sai ya kifa shi, ya hau da ƙaton tumbinsa ya yi tsalle, ya ce wa mai saye, "Wannan sai dai ka mutu ka bar shi."

'Yarsa ta fari, wadda ya ishi kowa da labarin karatunta na kimiyya, ta samu aiki a wata masana'anta. Roba mai ruɓewa suke yi can. Suna tare iskar da ke fita ta bututun hayaƙi, su haɗa ta da man ɓawon lemo. Rannan ta kawo masa kofi ɗaya, garau kamar gilashi.

"Baba, in an gama da shi sai a binne, ƙasa ta cinye."

Kawu ya jujjuya kofin. "Wato na kai ki makaranta ki koyo lalata kaya? Hayaƙi da ɓawon lemo! Me ya rage ku zuba, tusa?"

Don ya kunyata ta, ya haƙa rami a jujin bayan shago, ya binne kofin a gaban maƙwabta, ya danne da dutse. Da damina ta wuce ya sake tara su, ya tona yana murmushi. Sai 'yan ɓarɓashi ya samu, lugub kamar jiƙaƙƙiyar takarda.

Ya ce telan da ke kusa da shi ne ya sace. Ya koma ya ce gara ce. A gida ya ɗora wa matarsa.

"Ni?" in ji ta. "Ka taɓa barina na taka ko ƙofar shagon nan?"

Ya daɗe yana amsa gaisuwar 'yarsa da hanci. Sai wani mai lambu, wanda aka yi tonon a gabansa, ya zo neman ƙananan tukwane na irin robar nan, waɗanda zai dasa su tare da shukar. Da yawa yake so.

Kawu ya gyara zama. "Ka zo inda ya dace. Ai ni na ba yarinyar shawarar tun farko."

Mai lambu na fita, Kawu ya kira 'yarsa a waya, murya a sanyaye. "Uwata, kina lafiya? Wannan shirmen naku, akwai mai siffar tukunya?"

Yanzu rabin shagon tukwanen dashe ne. Gwiwa ta hana shi yawo, sai zama da ba da umarni. Duk ƙarshen mako 'yar tana leƙo shi a gida, su kama musu a kan tukwanen. Shi ja yake so a yi su, da zanen fure. Ta ce abin da za a binne ba ya buƙatar kwalliya. Ya ce ba ta san kasuwa ba. Matarsa kan ɗauki tabarmarta ta koma ɗaki.