Bijiman Asusun Fansho a Gonar Saje

Mun tashi da asuba daga Katsina, ana fitowa daga masallaci, mu huɗu a motar ofis: direba, ma'ajin asusu, likitan dabbobi, da ni. Tun da na bar karanta labarai a rediyo aka sa ni cikin kwamitin amintattu na asusun fanshon jami'an tsaro na jiha, wato masu sintiri da masu ba da hannu a titi. Aikina in gani, in saurara, in rubuta rahoto. An ce saboda muryata aka zaɓe ni, amma tun da na shiga ba a taɓa neman in yi magana ba.

Ga abin da ya fitar da mu. Tun shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, tsofaffin jami'ai da dama suka ce ba su yarda a juya musu dukiya ta hanyar kuɗin ruwa ba. Sai kwamiti ya ware wani kaso na asusun ya zuba a kiwo. Asusu ne ke sayen bijimai, a ba ɗan fansho guda biyu ya ɗaure a turke, ciyarwa a wuyansa, idan Babbar Salla ta matso a sayar a raba riba. Sharaɗi ɗaya ne mai tsauri: san turke ba ya aiki. Wanda ya saɓa, in aka faɗi a kan shanunsa, daga fanshonsa za a riƙa cirewa har a cike giɓin. Mu an tura mu ne mu duba shanun ƙasar Daura kafin babbar mota ta bi bayanmu ta kwashe su zuwa kara, kasuwar shanu.

An yi ruwa kwana biyu kafin tafiyar, ƙasa ta yi duhu, ko'ina ka duba mutane ne a duƙe suna shuka. Hanyar Mashi ba ta da laifi, sai dai shingaye. A kowane shinge direba ya rage gudu, jami'i ya leƙo, ya ga tambarin asusu a jikin ƙofa, sai fuskarsa ta canza. Ɗaya ya sara mana har da buga ƙafa, ya ce, "Yallaɓai, a riƙe mana amana, saura kaɗan mu ma mu iso fansho." Ma'aji ya ɗaga masa hannu. A Mashi muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har direba ya tambayi mai suya ko da cokalin shayi take zubawa.

Mun shiga Daura da hantsi. Direba ya so mu biya ta Kusugu ya sha ruwan rijiya, ma'aji ya ce ba yawon buɗe ido aka ba shi mai ba. Gidajen da muka shiga a cikin gari duk labarinsu ɗaya. Shanun na nan a turke, da koren fentin asusu a ƙahonsu, suna da rai, suna da lafiya, amma ba su yi ƙiba ba. Likita ya taɓa tozo, ya shafa haƙarƙari, ya zagaya awo a ƙirji, ya rubuta, bai ɗago kai ba. Wani tsohon kofur ya nuna mana inda awakin matarsa suke kwana a da. Ya sayar da su ɗaya bayan ɗaya ya sayi dusa. Ya ce buhun dusa yanzu ya kusa kamo buhun masara na bara, harawa kuwa ko da kuɗinka sai ka yi rantsuwa.

A gida na uku ne lissafin ya fito mini fili. Lokacin da aka tsara wannan kiwo, Babbar Salla da kaka take faɗowa, harawa jibge a kan rufin ɗakuna, kara da ƙaiƙayi ko'ina. Amma Salla ba ta zama wuri ɗaya. Kowace shekara tana ja da baya, ta bi ta damina, har ga shi yanzu ta iso bakin bazara, lokacin da rumbu ya ƙare, ciyawa ba ta fito ba. Watan ya yi tafiyarsa, takardar yarjejeniya tana nan inda aka ajiye ta.

Bayan azahar muka juyo ta Shargalle muka nufi Dutsi. Mun sha fura a bakin hanya, nonon ya sha ruwa, amma da sanyinsa. Gida ɗaya ya rage mana, a wani ƙauye bayan Dutsi, gidan Saje Haruna, wanda ya yi ritaya daga aikin ba da hannu. Muka yi sallama, aka shigar da mu. Turaku biyu, igiya biyu, babu sa ko ɗaya.

Ma'aji ya dube ni. Uwargidan Saje ta yi magana daga bayan zana: "In shanun gwamnati kuke nema, suna gona. Na faɗa masa za ku zo, ya ce ai ku ma kuna da ido."

Muka bar mota muka taka. Tun daga nesa muka hango su, karkiya a wuya, garma a baya, wani maƙwabci yana ja a gaba, Saje yana riƙe da garmar. Mutum ne dogo, ya haura saba'in, ya naɗe wando har gwiwa. Da ya gan mu bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshen kunya. Sannan ya goge hannu ya zo ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya.

"Baba Saje," in ji ma'aji, "ka san sharaɗi."

"Na sani, ranka ya daɗe. Ni aka karanta wa, na dangwala."

"To me ya kai san turke ƙarƙashin karkiya?"

"Yunwa. Dusa ta ƙare, ba ni da akuyar sayarwa. Na ce da su, jama'a, a gidan nan wanda bai yi aiki ba ba ya ci. Suna yi wa mutane huɗa, ana biyanmu da harawa da dusa. Abin da suka samo shi suke ci."

Likita ya tambaye shi yadda aka yi san da bai taɓa ganin garma ba ya koyi huɗa. Saje ya ce, "Ɗana, na koya wa direbobin tasha tsayawa a layi. Sa ne zai gagare ni?"

Har ma'aji sai da ya yi murmushi, amma bai daɗe ba. Likita ya yi awonsa. Wuyan shanun ya yi kanta, tozo ya zube, nauyinsu bai kai abin da ake so ba, ko da yake bai gaza na waɗanda muka gani a Daura da yawa ba. Sai Saje ya nuna gonar da hannu. Gonakin mutane ya fara yi, saboda su ne masu biya. Tasa ya bari a ƙarshe, yau ya fara ta, ko rabi bai kai ba. Ya roƙi a bar masa shanun ya ƙarasa, in ya so a zo a ɗauka.

Ma'aji ya ce ba zai yiwu ba, kuma ya faɗi dalili a hankali. Gobe ce kasuwa ta ƙarshe kafin Salla. Bayan Salla farashi zai zube. Kuɗin da ke jikin shanun nan ba na Saje ba ne shi kaɗai, akwai na matan da mazajensu suka rasu a bakin aiki, akwai na jami'in da ya sara mana da safe. Na saurara, ban sami inda ya yi kuskure ba. Abin da ya fi gajiyar da ni ke nan.

Can ma'aji ya duba agogo, ya ce babbar mota ba za ta iso ba sai bayan la'asar, shi kuma ƙafarsa na ciwo, zai zauna a inuwa. Saje ya dube shi, ya juya ya kama garma. Haka muka zauna a gindin gawo, wakilan asusu, muna kallon ana saɓa sharaɗin asusu kunya bayan kunya. Direba ya gaji da kallo, ya cire takalmi ya karɓi igiya daga hannun maƙwabcin.

Motar ta iso rana ta yi sanyi, saura kamar sulusin gonar. Saje da kansa ya kwance karkiya, ya ba su ruwa, ya kora su har bakin hanya, aka loda su. Wurin ya yi wa motar ƙunci, direbanta ya kasa juyawa. Sai tsohon ya shiga gabanta, ƙafa duk laka, ya ɗaga hannu ɗaya, ya riƙa kiranta da ɗayan, baya, tsaya, karya kai, har ta daidaita ta fice da shanun. Ya sauke hannu, ya yi mana sai wata rana, ya ɗauki fartanya ya koma gona.

Mun shiga Katsina ana kiran isha, na isa gida ƙugu na ciwo, ban iya cin tuwo ba.

A rahotona na rubuta abin da na gani, har da zamanmu a gindin gawo. Na ba da shawarar a mayar da lokacin sayarwa bayan kaka, ko Salla ta zo ko ba ta zo ba. An yaba, an miƙa wa ƙaramin kwamiti. Shanun Saje kuwa an sayar da su a kan abin da aka saye su, da ɗan abin da ya biya mota da dillali. Asusu bai faɗi ba, don haka ba a taɓa fanshonsa ba. Riba babu, don haka bai sami ko kwabo ba.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne in daina karanta kalmar "ba a yi asara ba" da muryar labarai. A taron ƙarshen shekara za a ce jarin kiwo ya dawo lafiya, kuma gaskiya ne. Sai dai an yi asarar, na gan ta da idona. Ba a ofis aka biya ta ba. Matar kofur ta biya da awakinta, Saje ya biya da sulusin gonarsa.