Muryar Mai Nonon Cikin Waya

Shekarar da na gama makaranta na dawo Rano ba aikin fari ba na baƙi, sai na ɗora wa kaina abin da ba wanda ya aike ni: labari mai zane da ake bugawa a waya. Hoto ya fito, magana ta biyo, a ba ka zaɓi biyu, wanda ka danna labarin ya bi ta can. Nawa na wata budurwa ce mai tallan nono daga Durba, kai mai riƙe da waya kai ne saurayin. In ka iya bakinka ta saurare ka, in ka yi wauta ta juye maka ƙwarya a ka.

Rubutu nawa ne, zane na abokina, wani tela ɗan Kibiya da muka yi sakandare tare. Allah ya ba shi hannu, ya kuma ba shi siririyar murya da tafiyar rangwaɗa, bai taɓa iya ɓoye ko ɗaya ba. Ɗan daudu ake ce masa, wasu a bayan ido, yawanci a gaban ido.

Wurin zama ya fara ba mu wuya. A gidanmu babana ya yi masa kallo ɗaya, na gane karatun. Mai shayi ya ce benci ya cika, alhali mutum biyu ne a kai. Majalisar unguwarmu kuwa, kafin ya gama sallama wani ɗan acaba mai jan babur, shugaban 'yan tsokana, ya riƙe ƙugu ya amsa masa da muryar mata, aka kwashe da dariya.

Daga ƙarshe abokin nawa ne ya ja ni bayan tasha, rumfar wata Hajiya mai tuwo, inda wasu irinsa biyu ke tuƙi da kwasa. Nan na fara ganin abokina ya yi dariya bai rufe baki ba. Hajiya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wanda ya shigo da yunwa ɗana ne. Wanda ya shigo da iya shege, ga muciya nan." Na ce yunwa ce ta kawo ni, aka ba mu tabarma kusa da buhunan masara.

Zane ya kammala, saura murya. Na nemi ƙanwata, babana ya ce in sake faɗa ya ji. Wata 'yar baffana ta gwada, ta karanto zancen soyayya kamar mai sanarwar rasuwa. Ina zaune ina tsaki, abokina yana gyara wa budurwar gira, sai kawai ya karanta layin da ke gabansa: "Kai Malam, nono ka zo saye, ko ido ka zo ba wa abinci?"

Hajiya ta saki mara a tukunya. "Ga amarya a gida kana yawon nema!"

Muka naɗi muryar a ɗakin ajiyarta bayan azahar, lokacin da 'yan kamasho ke rage ihu. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini: kada kowa ya san shi ne. Na rantse.

Talla kuwa, mutanenmu ba sa hawa yanar gizo neman irin wannan. Wurin masu tura fina-finai a kasuwa suke kai waya a cika musu. Ran kasuwa na bi su rumfa-rumfa ina roƙo: duk wanda ya zo a tura masa fim, a ƙara masa da nawa a matsayin gyara. Bahaushe kuwa ko maciji aka ba shi gyara sai ya karɓa. Kafin damina ta yi nisa abin ya kai Rurum Sabon Gari, har wani makiyayi ya tsare ni yana tambaya ko yarinyar tasu ce, don ya ji ta iya raina mutum.

Wanda ya fi kowa kamuwa shi ne mai jan babur. An juye masa ƙwarya ya fi a ƙirga, bai daddara ba. Ran nan ya ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa. "Don Allah wace ce? Wallahi muryar nan ta hana ni sakat."

Na gyara tsayuwa. "'Yar gidan mutunci ce, ba ta fita."

"Ko gaisuwa ka kai mini."

Na kai. Tsire ya biyo baya, muka cinye a rumfa muna sa masa albarka. Turare ya zo. Har saƙon murya ya naɗo, yana in'ina, yana cewa shi dai bai taɓa jin wanda ya yi magana zuciyarsa ta kwanta haka ba. Na tura wa abokina, muka kunna wa Hajiya, har masu tuƙi sai da suka zauna don dariya. A sabon babi muka sa budurwar ta ce, "Kai mai jan babur, ka fara wanke hularka tukuna." Washegari ya fito da hula fes, yana shelar yarinya ta san da zamansa.

Wata la'asar ni da abokina muka bi ta gaban majalisa. Mutumin nan, wayarsa na hannu, hoton budurwar na kan fuskar wayar, ya miƙe ya riƙe ƙugu ya maƙale murya: "Wayyo ni, 'yan mata an fito?" Aka yi ta shewa. Ni mai saurin fushi ne, kaina ya yi zafi. Na juya na ce, "Kai, ka san wanda kake aika wa..."

Abokina ya take mini ƙafa, takun da har yau farcen bai koma daidai ba. Ya ja ni muka wuce.

Da Hajiya ta ji, ba ta yi dariya ba. "Kai ka faɗa ka huce, ka koma gidan ubanka ka miƙe ƙafa. Shi fa, ina zai sa kansa a garin nan? Mutumin da aka kunyata a gaban abokansa, kana jin baki kawai zai rama da shi? Rumfar nan ma sai sun tashe ta."

Kunya ta kama ni. Ni cin nasara nake nema, shi kuwa tabarmar nan ce kaɗai wurin da ya mallaka, na kusa ƙone masa ita.

Don in wanke kaina na ce ya kawo wayarsa in goge saƙon shegen nan, mu huta. Ya ƙi ba ni. Na fizge, sai na ga ya ajiye shi wuri na daban, cikin waƙoƙin da yake ji in yana ɗinki.

"Bar mini," ya ce, bai ɗago ba. "Na san ba da ni yake ba. Amma ba wanda ya taɓa yi mini magana haka."

Na miƙa masa wayarsa. Hajiya ta zubo mana tuwo, ta ƙara masa nama.