Buhunan Malam Isufu

Shekarar da soja suka karɓi mulki, ana tsakiyar fari, Malam Isufu mutumin Tawa ne yake koya mana aikin koyar da Ingilishi a Yamai. Mu goma sha biyu, littafi ɗaya. Da muka yi ƙorafi, sai ya je kasuwa ya kwaso buhunan dawar agaji da aka zazzage, masu rubutun Ingilishi a jiki.

Ya ce, "Kowa ya ɗauki ɗaya ya koyar da mu da shi. Inda za a tura ku ba littafi, amma buhun nan yana kowane gida."

Na ji haushi, na ce wulaƙanci ne. Da aka tura ni Filinge, shekara biyu da buhun nake koyarwa. Allah ya jiƙan Malam. Buhuna yana nan ƙasan akwati.