Hotunan Suna da Ƙotar Fartanya

Shekarar da matar yayana ta haifi ɗanta na fari a gidanmu na Toranke, ni ce mai babbar waya a gidan, saboda haka ɗaukar hotunan suna a kaina ya faɗa. Na yi ta ɗauka har wayar ta yi zafi. Ni da ita ba zaman dangin miji muke yi ba, ƙawata ce, kwano ɗaya muke ci.

Bayan suna na shiga neman masu wanke hoto ta intanet. Biyu na samu a Kano. Na farko ka tura musu, su wanke, su ba direba ya sauke maka a tashar Gaya, shi ke nan. Na biyun ban da wankewa suna buɗe maka shafi, duk wanda ka tura wa adireshin ya shiga ya kalla. Mai jegon ta ce mu ɗauki na biyun don gwaggonta da ke Maiduguri ta ga jaririn, ni ma shi ya kwanta mini. Na tura wa 'yan uwa. Wani a cikinsu, matsoracin da har yau ya kasa cewa shi ne, ya kwashe ya zuba a guruf ɗin samarin gari. A ciki akwai hotonta a bakin gado, ba mayafi, tana nuna lallenta tana dariya.

Da hantsi yayana ya je wurin mai shayi, wani mai bakin tsiya ya haska masa hoton, wai ashe abin da yake ɓoyewa a gida ke nan. Yayana ya zari itace daga murhu ya rotsa masa kai. Ya shigo gida rigarsa jina-jina. Ina tankaɗe, matar tasa tana shanya. Ya fizgi ƙotar fartanya a jikin rumbu ya yi kanta. Ban san lokacin da na faɗa tsakaninsu na ɗaga hannu ba. Ƙarar ƙashin na fara ji kafin zafin. Ina ƙasa na kama ƙwaurinsa na gartsa masa cizo sai da na ji gishirin jini. Kafin maƙwabta su danne shi ya maka wayata da turmi.

Kafin la'asar matar yayana ta tafi gidansu a Gafasa, ni kuma aka kai ni wurin mai ɗori. Gari ya yanke hukunci: laifin waya ne, laifin 'yar boko mai rawar kai. Ko mutum ɗaya ban ji ya ambaci mai ƙotar ba. Wannan ya fi karayar yi mini ciwo, kuma har yanzu in na tuna raina tafasa yake.

Aka yi ta biko, kawunmu ya je, liman ya je, ta ƙi. Ana cikin haka hotunan suka iso. Yayana ya tsaya a ƙofar ɗakina yana kallon ƙasa, ya ce in kai mata in lallashe ta, wai ya yafe mata maganar hoton. Na je, don ni ma ina son ta dawo, gidan ya yi mini faɗi.

Ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta ware na jaririn. Na isar da saƙo. Ta ɗora yatsa a kan karan ɗorina ta daɗe tana kallo.

"Ke hannu kika tara, ƙawata," ta ce. "Ni da ka zan karɓi ƙotar, kuma da goyo a bayana. Shi ne zai yafe mini?"

Ban ƙara roƙonta ba. Na hau babur na dawo Toranke ni kaɗai.