Mai Tuƙi da Gwiwa

Ina tsaye a bakin kasuwar Gombe, sai ga wani mutum tafe cikin sabuwar Fijo fara, ko ledar kujerun bai cire ba. Daga ganin hularsa da agogonsa ka san ma'aikacin gwamnati ne da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka faɗo wa. Ba na jin ya yi wata shida da koyon mota.

Ko hannu ɗaya babu a kan sitiyari. Rediyon motar ta tauna masa kaset, shi ne ya zura biro yana naɗe zaren, kai a sunkuye, gwiwa ce ke tuƙi. A bakin kasuwa fa, don tsabar rainin rayukan mutane!

Wani tsoho ɗan Tumfure, da buhun gyaɗa a bayan keke, ya kauce masa, sai cikin kwata. Gyaɗa ta watse, goshinsa na jini.

"Kai mai mota! Makaho ne kai?" in ji wata mai nono.

Ya ɗago, ya yi murmushi, ya ɗaga mata hannu. A zatonsa gaishe shi take yi.

Kaset dai ya gyaru. Muna ciro tsohon, muna jiyo kiɗa yana yin gaba.