Baturen da Babana Ya Nutsar a Kogi

Babana ba ya jin Turanci, amma shekaru da dama shi ne mai fassara finafinan Turawa a unguwarmu ta Sa'alaba, a wani birnin bakin teku na ƙasa mai tsarki. A samartakarsa dako yake yi a tashar jiragen ruwa, inda ya tsinci kalmomi kamar goma a bakin ma'aikatan jirgi, rabinsu zagi. Wannan ya ishe shi shaida. A lokacin wani mai majigi ne ke rataya farin zane a bangon hosh, wato tsakar gidan haya mai faɗi, maza su baje a tabarma, mata su leƙo daga saman rufi. Baba ya tsaya gefen zanen da sanda a hannu. Bature ya buɗe baki, shi kuma ya gaya wa jama'a abin da ya ce.

Fim ɗaya ne ya yi masa suna. Na Ingila ne, baƙi da fari, an yi shi bayan yaƙin duniya, har ana hango rusassun gidaje a bayan mutane. Wani siririn Bature ne mai gashin baki yake fama da ƙaton agogon bango a kan keke. A fassarar Baba, maigidansa ne ya ba shi amanar agogon ya kai wa marayu. In ya ajiye shi a lungu ya ruga, ɓoye shi yake yi daga ɓarayi. In wani ya biyo shi ya miƙa masa, Allah ne ya mayar masa da amanarsa. Daga ƙarshe ya faɗa kogi daga kan gada rungume da agogon, hularsa ta taso tana yawo a kan ruwa, zane ya yi fari fat. Nan Baba ke sauke sanda ya ce mutumin ya rasu da amanarsa a ƙirji. An ce har ƙatti 'yan dako sai sun share ido da gefen rawani.

Ni ban taɓa ganin fim ɗin ba, an daina majigi kafin a haife ni. Amma da shi aka raine ni. In aka aike ni da kwanon tuwo gidan maƙwabta na tsame nama a hanya, ba duka, sai dai a zaunar da ni a ba ni labarin Bature mai agogo tun daga farko. Wallahi sau da yawa na gwammace dukan.

Bara ne, ina zaune a kantin maganin da nake aiki a unguwar Bagdadiyya, na ga sanarwa a waya: wani tsohon gida da aka gyara a Balad, wato tsohon cikin gari, zai nuna tsofaffin finafinai bayan la'asar. Ga hoton siririn Bature, ga agogo, ga keke. Don rawar kai, ina isa gida na miƙa wa Baba wayar ban ko karanta abin da ke ƙasa ba. Sai da ya tafi ɗauko tabarau na duba. Fim ɗin barkwanci, in ji su, da fassarar Larabci a ƙasan allo. Na so in haɗiye wayar.

Kafin in yi wata dabara har ya kira Baffa tela. Baffa amininsa ne tun suna samari, kuma ban taɓa jin Baba ya faɗi magana Baffa ya yarda ba, ko ganin wata ne, ko yawan sukarin shayi. Ga shi ya fi kowa karatun Larabci a majalisarsu ta ƙofar masallaci, shi ke karanta musu jarida da ƙarfi. Abin da ya tsorata ni ke nan. Tun da gwiwoyi suka kama Baba, Inna kuma ta rasu, ba abin da ya rage masa sai bencin majalisar nan da girman da ake ba shi a kansa. In Baffa ya karanta layi biyu a allo, gobe da safe Baba ya zama abin dariya, kuma ni na jawo masa.

Na ce motata na ƙara. Baba ya ce za ta yi ƙarar a hanya. Na ce kujeru sun ƙare. Ya ce shi da ya yi fim ɗin a tsaye, zama bai dame shi ba. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki sanda.

"Yalla, mu tafi, uwata," ya ce. "Yau za ki ga abin da nake gaya miki."

Ɗakin cike yake da matasa, 'yan boko, kowa da kofin gahawa. Na zaunar da tsofaffina a layin baya, ni a gefen Baba, Baffa a ɗaya gefen. Aka kashe fitila.

Minti biyar ba a yi ba na gane komai. Agogon ba amana ba ne. Gadon wata goggonsa ne, ba ya bugawa sai in mutum ya fara barci, matar da yake haya a gidanta ta ce ko agogo ya fita ko shi ya fita. Bawan Allah neman inda zai jefar da shi yake yi. Ya bar shi a tashar jirgi, ɗan sanda ya biyo shi da shi. Ya tura shi cikin rusasshen gida, yara suka kawo masa har ƙofa suna jiran tukuici. Mutanen Ingila dai sun hana shi sakat da kirkinsu. Ɗakin ya kaure da dariya, wata yarinya a gabanmu har tana dukan kafaɗar ƙawarta. Ni ma ta taso mini, na danne ta da tari. Fim ɗin yana da daɗi, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Na saci kallon Baba. Ya kafa sanda tsakanin ƙafafunsa, ya ɗora haɓa a kai, bai motsa ba. Yana iya karanta Larabci a hankali, kuma na ga leɓɓansa suna bin rubutun.

Sai Baffa ya zungure shi da gwiwar hannu.

"Alhaji, me ya ce?"

Na ɗauka an fara tonon silili. Amma Baffa ya cire tabaransa ya sa a aljihu, fuskarsa ba alamar wasa. Baba ya ce a hankali, "Ya ce ko za a yanka shi ba zai ba da kayan marayu ba."

"Allah sarki," in ji Baffa.

Haka suka yi ta yi. Bature ya ɗaga hula yana yi wa ɗan sanda godiyar dole, Baffa ya tambaya, Baba ya fassara. Muryarsa ta fara dawowa, har wani saurayi ya juyo zai ce a yi shiru. Na harare shi, ya mayar da kansa inda ya ɗauko shi.

Aka zo gada. Bature ya ɗaga agogon zai wurga, nauyi ya ja shi, suka tafi tare. Hula ta taso. Baba ya ja numfashi ya ce, "Halas, shi ke nan." Har ya dafa kujera zai miƙe.

Allon bai yi fari ba. Bature ya miƙe tsaye a tsakiyar kogin, ruwan iya gwiwa, ciyawa a kansa. Wani mai kamun kifi ya tako cikin ladabi ya miƙa masa agogonsa. Fim ɗin ya ci gaba har kusan minti ashirin, mutumin ma har aure ya yi. Daga baya na gane cewa a gwangwani huɗu ake kawo fim ɗin, uku ne suka taɓa isowa Sa'alaba.

Baffa bai sake tambaya ba. Da aka kunna fitila jama'a suka yi ta tafi, mu muka fita a hankali saboda matakala.

A mota, wajen fitilar hanya ta biyu, Baba ya yi gyaran murya. Bai kalli kowa ba.

"Ni ban taɓa jin Turanci ba," ya ce.

"Mun sani," in ji Baffa daga baya.

"Su wa?"

"Hosh ɗin duka. Kai, mutum ya faɗi kalma ɗaya ka yi mana huɗubar Juma'a, ka ce ba za mu gane ba?"

"To kukan me kuke yi?"

"Kai ma ai kana yi."

Baba ya juya da ƙyar, ya dube shi. "Ita ma ta sani?"

Bai kira sunan Inna ba, bai taɓa kira ba.

"Ita ta fara ganewa," in ji Baffa. "Tun kafin a kai kuɗin gaisuwarta. Ta aiko ƙanenta ya gaya mana, duk wanda ya kuskura ya tona ka, ya kuka da kansa."

Fitila ta ba mu hannu, na baya suka fara danna mini oda. Baba ya juya ya fuskanci taga, kafaɗunsa suna rawa, ban san ko dariya yake yi ba, ban kuma leƙa ba. Ni dai ban ga hanya sosai ba, sai da na gangara gefe na tsaya.